Tafkin Kainji ko tekun Legas: ina ya fi a ɗauki hayar jirgi a kamo kifin da za a ci?

Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su ɗauki hayar jirgi na yini guda, su shiga ruwa da fatsa, da yamma su baje tabarma su ci abin da suka kamo da hannunsu. Wanda wannan sha'awa ta kama a Najeriya, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nufi ruwan daɗi, inda tafkin Kainji ya fi kowane girma a cikin waɗanda aka tare da madatsa, ko kuma ya gangara Legas ya fita teku. Yawancin masu shirin tafiyar da girman kifi suke fara lissafi. Mu kuwa shawararmu a fara da tukunya: awa nawa ne tsakanin fitowar kifin daga ruwa da hawansa wuta, ƙanƙara nawa ake da ita, kuma wane irin girki mutanen gida suke ci? Amsar waɗannan ita ke raba gardama.

Abin da kuɗinka yake saya

A Legas sana'a ce mai tsari. Jirgin fiba ne mai tsawon mita 8 zuwa 12, galibi da inji biyu, da kyaftin da yaron jirgi ɗaya ko biyu, da sandunan fatsa da ƙarfen naɗe zare, da na'urar da ke nuna zurfin ruwa da garken kifi, da rediyo. Ana tashi daga wajajen Ikoyi, Victoria Island ko Lekki, a bi ta mashigar Commodore, tsakanin dogayen ganuwar duwatsu biyu da aka jera tun farkon ƙarni na 20 don kada yashi ya toshe hanyar jiragen kaya. Hayar iri biyu ce: rabin yini, awa huɗu zuwa biyar, ko cikakken yini, awa takwas zuwa goma. Rabin yini ba ya kai mutum inda ruwa ya yi shuɗi sosai, domin zuwa da dawowa kaɗai sun cinye lokacin. Mai neman tuna kada ya ɓata kuɗinsa a kansa.

Man fetur ne ke cinye kuɗin. Inji mai ƙarfin doki 200 yana shan abin da ya kai lita 70 a awa idan an buɗe masa wuta, kusan rabin haka a matsakaicin gudu, kuma guda biyu ne a jirgin. Saboda haka kafin a ba da kafin alƙalami a tabbatar ko kuɗin da aka faɗa har da mai, ko kuwa sai an dawo a auna tanki. Rigimar da ta fi yawa a bakin jeti daga nan take tashi. Ta biyu ita ce ta kifin kansa: wasu masu jirgi suna ɗaukar cewa abin da aka kamo nasu ne, sai abin da suka ga dama suka ba baƙo. A yanke wannan magana tun a tudu, a rubuta ta ko da a saƙon waya ne, har da abin da za a yi da kuɗin idan iska ta hana fita.

A Kainji babu wannan tsarin, kuma kada mutum ya je yana tsammaninsa. Jirgin katako ne na masunta, da injin Yamaha mai doki 15, 25 ko 40, wanda ko an ƙure shi ba zai wuce lita 20 a awa ba. Yawancin yinin ma a kashe yake, ana fatsa. Kuɗin yini ɗaya a teku zai iya ɗaukar nauyin kwanaki da yawa a nan, har da masauki. Sai dai kayan aiki kai za ka zo da su: sanda, zare, ƙugiyoyi, dalma, kula, rigunan ceto. Masuncin yana da kalli (ragar da ake kafawa a ruwa) da birgi (ragar da ake jefawa) da mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa), waɗanda su ne abincinsa, amma ba shi da sandar da zai ara maka. Abin da kake saya a wurinsa sanin ruwa ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwan ya shafe tsohon garin Bussa da ƙauyuka da dazuzzuka, ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135. Wanda aka haifa a bakinsa ya san inda tsohon kwarin kogin Kwara yake a ƙasa, ya san duwatsun da giwan ruwa ke laɓewa.

Ba a shiga kai tsaye. A Sabon Bussa ko Yauri ko kowane masauki, a fara da gaida sarkin ruwa, a faɗa masa abin da ya kawo ku, shi zai haɗa ku da mutumin kirki kuma shi ne mai sasanci idan an sami saɓani. A tambaye shi dokar kamun kifi ta jihar, Neja ko Kebbi, da inda ba a so a jefa fatsa saboda kallin jama'a. A kuma tambayi mutanen gari halin hanya kafin a taso, domin yankin dajin Kainji ya sha fama da rashin tsaro a shekarun nan, kuma labarin makon jiya ba ya isa a dogara da shi.

Haɗarin kowane ruwa

Mutanen arewa sun fi jin tsoron teku, amma ruwan daɗi ya fi cinye mana mutane. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da aka maƙare da fasinja ya rabe biyu kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Dalilan irin wannan sanannu ne: lodi fiye da kima, tsohon katako, rashin rigar ceto, da kututturan itatuwan da ruwa ya shafe, waɗanda ke tsaye a ƙasa ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu. Kwalekwalen da ke ɗaukar mutum goma zuwa kasuwa, mutum huɗu ya kamata ya ɗauka don fatsa, saboda ana miƙewa, ana karkata gefe guda idan kifi ya kama. Kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure ta, ko da ya iya iyo. A duba akwai filafili biyu da ƙoƙon kwarfe ruwa. A dawo tudu kafin magariba, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ma ta hana tafiyar dare. Wajen Yauri akwai dorina, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Idan masunci ya ce a kauce wa wani lungu, a kauce. Sannan kada a yi wanka ko a daɗe tsaye a ruwan gefe mai ciyayi, nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama.

Matsalar teku ta yau da kullum ita ce jiri da amai. Ba ta kisa, amma tana iya mayar da yini mai tsada ya zama azaba, kuma kyaftin ba zai juyo saboda mutum ɗaya ba. Wanda bai taɓa fita ba ya nemi maganin tashin zuciya na tafiya a wurin mai kantin magani, ya sha awa guda kafin a tashi, ya sani cewa yana sa barci. Idan amai ya riga ya fara, maganin ba ya zama a ciki. A karya da abu mara maiƙo, biredi da shayi mai citta sun isa, a bar ƙosai da wainar ƙwai. A zauna tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, ido yana kan inda sama ta haɗu da ruwa, ba kan waya ba. Wurin da ya fi girgiza shi ne bakin mashigar, inda ruwan da ke fita daga lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, yake karo da raƙuman ruwan teku. A nan kowa ya zauna ya riƙe ƙarfe. Kafin a tashi a tambayi kyaftin ko yana bin ƙa'idar kashi uku ta mai: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Wanda ya yi dariyar tambayar, a nemi wani.

Salla ba ta zama cikas a ko'ina. Ruwan teku yana tsarki, ana alwala da shi, kuma wanda tsayuwa ta gagare shi saboda tangaɗin jirgi ya yi a zaune.

Game da lokaci: tekun Legas ya fi kwanciya daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya fi hauka daga Yuni zuwa Satumba. Kainji kuwa cika biyu yake yi. Akwai farin ruwa mai laka na daminar gida, daga wajen Agusta, sannan baƙin ruwa mai tsabta da ke isowa daga tsaunukan Gini a tsakiyar hunturu. Koton roba ya fi aiki idan ruwan ya washe, tun da kifin da ido yake farauta. Amma iskar hunturu tana tayar da taguwa a tsakiyar tafkin da hantsi, ga hazo mai ɓatar da mutum, don haka a fita da sassafe.

Abin da ke kama ƙugiya

A teku yawanci jan koto ake yi a bayan jirgi, ana tafiya kilomita 11 zuwa 15 a awa, da sanduna huɗu ko fiye. Kusa da gaɓa barakuda ne da kuroka da jan kifin duwatsu. Can ciki akwai dorado, da tuna mai rawayan fiffike, da wahu, da manyan masu dogon baki irin su malin, waɗanda al'adar masu wannan wasa ita ce a sake su. Yaron jirgi ne ke ɗaura komai. Aikin baƙo shi ne ya karɓi sanda idan zare ya fara ƙara, ya ɗaga ta a hankali, ya naɗe yayin da yake saukewa, kada ya taɓa barin zaren ya saki. Kuskuren sababbi shi ne ƙara matse birkin ƙarfen naɗi idan sun ga zare yana tafiya. Nan take yake tsinkewa. Tuna mai kilo 20 zai iya riƙe mutum rabin awa har hannu ya mutu, kuma gaskiya babu abin da ya kai wannan kokawa daɗi a ruwan daɗin ƙasar nan, in ba babban giwan ruwa ba.

Shi kuwa giwan ruwa, kada a je da hoton Argungu a kai, inda wanda ya ci gasar 2020 ya fito da mai kilo 78. Kainji ya sha kamun kifi da ƙananan raga shekara da shekaru, manya sun yi wuya. Mai kilo 3 zuwa 10 kamu ne mai kyau, kuma shi ya fi daɗi a baki. Ana kama shi da ɗan karfasa mai rai, girman tafin hannu, a soka ƙugiya a bayansa ƙarƙashin ƙayar sama ba tare da an taɓa ƙashin baya ba, ko da kifin roba mai nutsewa ana ja a hankali kamar tafiyar ƙafa. Zare mai ɗaukar kilo 15 zuwa 25 ya isa, da ƙarin mita ɗaya mai kauri a gaba saboda gefen kumatunsa yana da kaifi kamar reza. Tsage yana da haƙora a waje, sai an sa masa 'yar waya mai tsawon taƙi ɗaya kafin ƙugiya, kamar yadda ake yi wa barakuda. Ragon ruwa da tarwaɗa da ramboshi da kurungu a ƙasa suke ci, da tana ko hanjin kaza ko yankan kifi, da dalmar da za ta zaunar da koton. Karfasa ƙaramar ƙugiya take so da tana. Biyu ne za a kiyaye: minjirya, mai jan wuta idan an taɓa ta, da talibamban, mai kumbura kamar ƙwallo, wanda danginsa an san su da guba. Talibamban a mayar da shi ruwa. Kurungu da ragon ruwa kuma a riƙe su ta bayan ƙayoyin gefe, sukarsu tana kumbura hannu.

Wani bambanci da ba a cika faɗa ba: a teku ana iya yini a dawo hannu rabbana, ko a dawo da kilo 60. A tafki da wuya a rasa na miya, in ma fatsa ta ƙi, masuncin zai jefa birgi, ko a saya a hannun masu ɗaga kalli a tsakiyar ruwa.

Awa ta farko bayan kamu

A nan ake samun kifi mai daɗi ko a rasa shi, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa. A zafin ƙasarmu kifin da aka yar a cikin jirgi yana fara lalacewa cikin awa shida zuwa takwas. Da ya shigo, a buge shi a ka ya mutu nan take, domin wanda ya daɗe yana shure-shure namansa yana yin laushi da tsami. A yanka ƙarƙashin kumatu, a sunkuyar da kan cikin bokitin ruwa minti biyar jinin ya tsiyaye. Jinin da ya kwanta a nama shi ne rabin ƙarni. A farke ciki daga ƙasa zuwa sama da bakin wuƙa kawai, kada a fasa maɗaciya, a cire jan soson da yake shaƙa da shi, a kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya da cokali.

Sai ƙanƙara: kilo ɗaya ga kowane kilo na kifi, a farfasa ta girman ƙwai. A shimfiɗa a ƙasan kula, a cusa a cikin kifin, a rufe sama. A riƙa zubar da ruwan da ya narke, kada kifi ya kwanta a cikinsa. Kula mai lita 100 tana ɗaukar kimanin kilo 30 na kifi da 30 na ƙanƙara. Kifin da aka yi wa haka tun daga jirgi yana kai mako guda lafiya muddin ana ƙara ƙanƙarar.

Ga tuna da dorado da dangin makarel, wannan dole ne. Idan suka ɗumama, ƙwayoyin cuta suna haifar da sinadarin histamin a namansu, wanda dafuwa ko suya ko banda ba sa kashewa, kuma sau da yawa kifin ba ya wari. Alamarsa ɗan yaji-yaji a harshe ba tare da an sa barkono ba, sai jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai da gudawa cikin mintuna zuwa awa guda. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a kai shi asibiti. Tuna kuma jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, ga shi ya ƙara zafi wajen kokawa, don haka a tsoma shi cikin haɗin ƙanƙara kashi biyu da ruwan teku kashi ɗaya kafin a jera shi. Barakuda babba, wanda ya wuce tsawon hannu, a tekunan ƙasashe masu zafi an san shi da tara wata guba daga ƙananan kifayen da yake ci, ita ma wuta ba ta kashe ta. A ci ƙanana, kuma a zubar da hanta da ƙwai da kayan ciki. Mai ciki da ƙananan yara su guji malin da manyan tuna saboda makuri, wani sinadari mai guba da ke taruwa a namansu.

Kifin ruwan daɗi ya fi haƙuri da wanda ba shi da ƙanƙara. Tarwaɗa tana shaƙar iska, za ta yini da rai a baho mai ɗan ruwa an rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Giwan ruwa ana zura masa igiya ta leɓen ƙasa a bar shi a ruwa gefen jirgi har lokacin tashi. Duk da haka a sayi ƙanƙara a gari tun daren jiya, kada a ce ai kusa da madatsar lantarki ake, a ƙauyen bakin ruwa ba lallai a samu ba.

A kan wuta

Lissafin ciki da farko. Giwan ruwa mai kilo 10 yana ba da tsoka zalla kamar kilo 4, ban da kai da ƙashi. A giram 250 zuwa 300 ga kowane mutum, ya ciyar da mutum goma sha huɗu, kan kuma ya yi farfesun safe. Karfasa kashi ɗaya cikin uku ne kawai nama, shi ya sa ake gasa ta ɗungurungum. Tuna yana ba da kusan rabi.

Gashi ya fi karɓar karfasa, kuroka, jan kifi, ƙaramin barakuda da dorado. Ga kifi mai kilo ɗaya a niƙa attaruhu 3, tattasai 2, albasa ɗaya, citta girman babban yatsa, tafarnuwa ƙwara 4, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, dunƙulen magi 2, a kwaɓa da man gyaɗa babban cokali 4. A tsane kifin da tsumma mai tsabta, a tsaga shi uku ko huɗu kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, a cusa rabin haɗin, a ajiye a sanyi minti 30. Lemon tsami sai dab da ɗorawa, in ya wuce minti 20 a jiki yana dafa saman naman ya sa shi dagargajewa. A jira garwashi ya yi farar toka. Waya ta kasance santimita 10 zuwa 12 daga wuta, inda tafin hannu zai jure daƙiƙa huɗu ko biyar. A bar wayar ta yi zafi, a goge ta da rabin albasa da aka tsoma a mai. Ƙa'idar lokaci minti 10 ne ga kowane santimita biyu da rabi na kauri, a raba wa gefe biyu. Mannewa da waya dalilinta uku: waya mai sanyi, fata mai jiƙa, ko saurin juyawa. Idan fatar ta gasu ita da kanta take saki. Sauran haɗin a shafa a mintuna biyar na ƙarshe, tun da albasa da tattasai suna ƙonewa su yi ɗaci. Ya nuna idan naman kusa da ƙashi ya yi fari yana rabuwa. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 63. Kifin ruwan daɗi kada a taɓa cin sa da sauran ɗanye, saboda tsutsotsi.

Tuna shi ke ba mutanenmu kunya. Jan nama ne mara kitse, a ƙasashen da ake ji da shi tsakiyarsa da ja ake ci, mu kuwa mun saba sai abu ya nuna luguf. In aka gasa shi yadda ake gasa karfasa sai ya bushe kamar katako. Mafita biyu: a yanka kaurin santimita 3, a shafe da mai da yajin ƙuli, minti uku zuwa huɗu kowane gefe a wuta mai ƙarfi, a sauke da zarar jan ya ɓace, ko a yanka gutsi-gutsi a zuba a miyar tumatir da ta riga ta soyu, minti takwas na ƙarshe, a kashe wuta a bar shi rufe. A yanke baƙin naman da ke tsakiya a zubar, shi ne mai ƙarnin jini. Wanda iyalinsa farfesu suke so, tuna ba nasa ba ne.

Farfesu na masu santsi ne: ragon ruwa, tarwaɗa, ramboshi, da kan giwan ruwa. A kashe yauƙin da ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, minti ɗaya, sai ya yi fari a kankare, ko a cuɗe da toka ko gishiri da lemon tsami. Ruwan da ya tafasa yana fasa fatar. Ga kifi kilo ɗaya da rabi a ɗora ruwa lita ɗaya da kwata, da albasa babba, attaruhu 4, citta, masoro rabin cokali, kanumfari ƙwara 4, gyaɗar miya 3 da aka babbake aka daka, kimba 2 da aka fasa aka zubar da 'ya'yan saboda ɗaci, da ɗan daddawa. Romon ya tafasa minti 15 shi kaɗai, a ɗanɗana gishiri, sannan a jera kifin, a rage wuta, minti 12 zuwa 15. Ba a sa ludayi. A kama kunnuwan tukunya a girgiza. Ɗoɗɗoya a minti biyun ƙarshe. A wannan fanni teku ba ta da abin da za ta gwada, kitsen ragon ruwa da ke narkewa a romo babu irinsa a barakuda.

Suya ta dace da tsokar giwan ruwa da kuroka. Yanka na santimita 2, a tsane, a sa gishiri, mai ya kai digiri 175 zuwa 180, wato yankan albasa ya taso yana ƙara nan take ba tare da ya yi baƙi ba. Minti huɗu zuwa biyar kowane gefe. Cika kasko yana sauke zafin mai, kifin ya sha mai ya farfashe. Tsage yana da ƙananan ƙayoyi masu reshe a cikin tsoka, sai an tsattsaga shi kusa-kusa, rabin santimita tsakani, a soya ya yi ƙarau, kuma duk da haka ba na yara ba ne. Yauni kuwa, in Allah ya ba da shi, ƙaya kaɗan gare shi, nama mai tauri, kowane girki yana karɓa. Yarbawa har cikin kayan aure suke sa shi.

Wa ya kamata ya je ina

Wanda ke zaune a Legas ko yake da firiza a can, yana da abokai biyar da za su raba kuɗin mai, kuma abin da yake nema shi ne ya ji ƙarfin kifi a hannunsa, ya fita teku, cikakken yini, tsakanin Nuwamba da Afrilu. Wanda zai taso daga Kano, Sakkwato, Kaduna ko Minna, karonsa na farko, da niyyar ya kai wa iyali abin miya, Kainji ya fi masa ta kowace fuska in hanya ta yi kyau: kuɗi kaɗan, babu amai, kuma kifin da zai samu shi ne wanda uwargida ta san hannunsa. In hanyar ba ta yi ba, madatsar Tiga a jihar Kano tana da masunta da karfasa da tarwaɗa, a je a dawo a yini. Mai yara ƙanana kada ya kai su teku. A Legas ma akwai lagun, wajen Epe, ruwa kwance da kwalekwale.

Saura kai kifin gida. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, a mota sai an ninka ƙanƙara, kilo biyu ga kilo ɗaya, a ƙara a hanya, kuma tuna ya fi kyau a daskarar da shi tukuna. Daga Kainji kuwa banda ta warware matsalar. A jiƙa kifin minti 20 zuwa 30 a ruwan gishiri, giram 100 a kowace lita, a bar shi ya tsane awa guda a inuwa. Awa biyu zuwa uku a wuta yana ba da banda mai laushi ta kwana biyu. Mai daɗewa sai an rage wuta an bi ta da hayaƙi awa 10 zuwa 18 ana juyawa, har nauyin ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Busasshen marke ko ƙirya ko mangwaro ake so, ban da katako mai fenti, ban da roba. Balli da tarwaɗa da kurungu sun fi kowa karɓarta. Akwai masu wannan sana'a a bakin ruwa, a ba su da yamma a karɓa washegari, amma a gaya musu ƙarara kada a fesa wa kifin maganin ƙwari. A bar shi ya huce sarai kafin a sa a kwali ko kwando, domin in aka ƙulle shi da ɗumi a leda, gumi zai sauka masa ya yi furfura kafin a isa Kontagora.